Yadda Ake Gano Lambar Kwaɗo Idan Ta Ɓace Daga Kai

Kwaɗo mai lamba ya hutar da mutum yawo da makulli, amma ranar da lambar ta sulale daga kai, akwati nasa ne, kayan ciki nasa ne, hannunsa kuma ba ya kai musu. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko guduma ko zarto, ko a ruga wurin mai walda. Sau da yawa asarar takan zama biyu: an kashe kwaɗo, an kuma lanƙwasa marfin akwati ko an yage zif ɗin jaka. Alhali galibin kwaɗunan nan, musamman masu araha, suna faɗin lambarsu da kansu ga wanda ya san yadda ake saurarensu da yatsa. Kayan aikin su ne takarda, biro, haske mai kyau da wuri shiru. Bayanin nan na mai kwaɗo ne, ko wanda mai kwaɗon ya ce ya taimaka masa. Kwaɗon da ba naka ba, gwada shi shiga haƙƙin wani ne ko da ba ka ɗauki komai ba.

Iri biyu ne ke yawo a hannun mutane. Na farko mai faifai ɗaya ne a fuska, da lambobi daga 0 zuwa 39, ana juya shi dama, hagu, dama. Wanda ya fi shahara a wannan iri shi ne na kamfanin Master Lock, wanda Harry Soref ya kafa a birnin Milwaukee na Amurka a 1921, kuma shi ne ɗaliban makarantun Amurka ke rufe ma'ajiyar kayansu da shi. Na biyu mai zobba ne uku ko huɗu a jere, kowane zobe da lambobi 0 zuwa 9, irin wanda ake gani a jakar tafiya da akwatin ɗaliban makarantar kwana. Cikinsu ba ɗaya ba ne, don haka dabarar ma ta bambanta. Na farko ya fi buƙatar bayani.

Ko lambar na nan, juyin ne ya kuskure

Da yawa daga masu cewa sun manta lamba ba su manta ta ba. Kwaɗo mai faifai yana da ƙa'idar juyi, kuma idan aka daɗe ba a buɗe shi ba, ita ce takan fara ɓacewa. Juya faifan zuwa dama, wato yadda hannun agogo ke tafiya, zagaye uku cikakku, ka tsaya a lamba ta farko daidai saitin alamar da ke sama. Sai ka juya hagu zagaye ɗaya cikakke, ka wuce lambar farkon, ka ci gaba har ka tsaya a ta biyu. Sai ka koma dama kai tsaye zuwa ta uku, ka tsaya, ka ja wuyan kwaɗon, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke shiga ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a manta wuce lambar farko a juyin hagu. Na biyunsa shi ne a zarce lamba kaɗan sannan a ɗan komo baya don gyarawa. A lamba ta farko da ta biyu, wannan komowar ba ta gyara komai, domin faifan ciki ya riga ya tafi. Idan ka zarce, sake daga farko.

Idan kana tuna lambobin uku amma jerinsu ya rikice, hanyoyi shida ne kawai ake iya jera su, kuma cikin minti biyu za ka gama da su. Duba bayan kwaɗon kuma. Idan akwai ramin makulli a baya, irin na makarantu da wuraren aiki ne, kuma hukumar da ta raba su tana da makullin da takardar lambobin. Idan akwai lambar kamfani da aka buga a jikin ƙarfen, Master Lock na ajiye lambar buɗewa ta irin waɗannan, kuma yana bayarwa bayan ya tabbatar kwaɗon ba a maƙale yake a jikin wani abu ba. Wanda kuma mai shi ne ya saita lambarsa da kansa, kamfani ba shi da labarinta.

Abin da ke faruwa a ciki

Sai an fahimci cikin ne yatsa zai san abin da yake ji. A bayan faifan fuska akwai ƙananan fayafayai uku a kan sanda ɗaya, kowanne da giɓi a gefensa. Na gaba a manne yake da faifan fuska, duk inda ka juya yana biye. Sauran biyun a sake suke, sai dai kowanne na da ɗan haƙori da ke kama na kusa da shi. Shi ya sa ake fara da zagaye uku: na gaba ya kamo na tsakiya, na tsakiya ya kamo na baya, su tafi tare. Da ka tsaya a lambar farko, ka ajiye na baya a wurinsa. Da ka juya hagu, sai haƙorin na gaba ya yi kusan zagaye guda kafin ya riski na tsakiya ta ɗaya ɓarin, ya tura shi zuwa lamba ta biyu. Komawa dama ta ƙarshe na gaba kaɗai take motsawa.

A gefen fayafayan akwai wani ƙarfe mai kama da harshe, shi ke riƙe wuyan kwaɗon. Idan ka ja wuya, harshen yakan danna gefen fayafayan yana neman wurin faɗawa. Giɓi uku suka haɗu a layi ɗaya a gabansa, ya faɗa, wuya ya fito. To wannan dannawar ita ce ke tona asirin kwaɗon, domin duk lokacin da harshen ya goga wani wuri, faifan fuska yakan yi nauyi ko ya cije a hannunka. Masu ƙira sun san da haka, sai suka yanka wa faifan gaba wasu giɓin ƙarya marasa zurfi domin su ruɗa mai lalube. A kwaɗon Master Lock da aka saba gani, wuraren cijewa 12 ne: 11 na ƙarya, ɗaya na gaskiya.

A lissafi, lambobi 40 sau uku suna ba da haɗi 64,000. Idan kowane gwaji na cin daƙiƙa 10, aikin sama da kwana bakwai ne ba barci. Amma ba haka abin yake a aikace ba, kamar yadda za a gani.

Neman lamba ta uku

Daga ƙarshe ake farawa, tunda faifan lamba ta uku ne ke manne da hannunka.

Juya dama zagaye uku, ka tsaya a 0. Ja wuyan kwaɗon sama da ƙarfi, kamar mai son buɗe shi. Idan kwaɗon a rataye yake a jikin akwati, ja jikinsa ƙasa, duk ɗaya ne. Kana cikin ja, murɗa faifan hagu a hankali har ya cije. A nan za ka ga bai ƙame ƙam ba, yana ɗan lilo tsakanin iyaka biyu. Iyakokin nan su ne abin rubutawa. Idan yana lilo daga 2 zuwa 3, tsakiyarsa 2.5 ne. Idan daga 5.5 zuwa 6.5 ne, tsakiyarsa 6. Rubuta tsakiyar. Sassauta wuyan, ka gota wurin kaɗan, ka sake ja, ka nemi na gaba. Haka za ka yi har ka zagayo 0.

Kada a yi gaggawa a nan, domin duk sauran aikin a kan wannan jeri ya hau. Riƙe kwaɗon yana fuskantarka sosai, don kallon gefe yakan mayar da 23 ta zama 22.5. Wuraren cijewar suna da tazarar lamba uku da ɗan ɗori a tsakaninsu, saboda haka idan ka ga ratar lamba shida ko bakwai a jerinka, ka tsallake ɗaya, koma ka nemo shi. Zagaya sau biyu ka kwatanta. Ga misalin abin da zai iya fitowa:

2.5, 6, 9.5, 12.5, 16, 19.5, 23, 26, 29.5, 32.5, 36, 39.5

Soke duk masu rabi, su bakwai ne. Saura biyar: 6, 16, 23, 26, 36. Huɗu sun ƙare da lamba iri ɗaya, ɗaya ta fita daban. Wadda ta fita daban, 23 a wannan misali, ita ce lamba ta uku. Dalili kuwa shi ne an raba giɓin ƙarya daidai wa daida a kewayen faifan, na gaskiya kuma an yanka shi ne a kan cikakkiyar lamba, shi ya sa yakan karya tsarin.

Wani lokaci cikakkun lambobin huɗu ne kawai za su fito, duka da ƙarshe iri ɗaya. Ma'anarsa giɓin gaskiya ya faɗo a kan ɗaya daga cikinsu. Sai ka koma kan kowacce, ka ja wuya, ka ji wadda lilonta ya fi faɗi kuma ya fi laushi. Giɓin gaskiya ya fi na ƙarya faɗi da zurfi, kuma hannu yakan ji bambancin idan an gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin huɗu-huɗu

Lambobin wannan kwaɗo ba a warwatse aka zaɓe su ba. Raba lamba ta uku gida huɗu ka duba ragowar. A misalinmu, 23 a raba da 4 ya ba da 5, ragowa 3. Lambar farko tana da ragowa iri ɗaya da ta uku, don haka ɗaya ce daga cikin goman nan: 3, 7, 11, 15, 19, 23, 27, 31, 35, 39. Lamba ta biyu kuwa tana gocewa da biyu daga wannan jeri: 1, 5, 9, 13, 17, 21, 25, 29, 33, 37. Da ragowar 0 ce, jerin farko zai tashi daga 0, 4, 8, na biyu daga 2, 6, 10. Da 1 ce, na farko 1, 5, 9, na biyu 3, 7, 11. Da 2 ce, na farko 2, 6, 10, na biyu 0, 4, 8.

Goma sau goma, 100 ke nan. Ana kuma iya cire biyun da ke maƙwabtaka da lamba ta uku daga jeri na biyu, wato 21 da 25 a nan, domin ba a sa ta biyu kusa da ta uku haka. Saura takwas, haɗi 80. Daga 64,000 an sauko zuwa aikin da bai wuce rubu'in awa ba.

Ko tamanin ɗin ma ba sai ka sake juyi daga farko kowane lokaci ba. Ka ce kana gwada 15 a matsayin ta farko. Saita ta, juya hagu ka wuce 15, ka tsaya a 17, wadda ita ce ta farko a jeri na biyu bayan 15. Koma dama zuwa 23, ja. Bai buɗe ba, saki wuya, juya hagu ka zagayo har ka sake riskar 17, ka ci gaba zuwa 29, koma dama zuwa 23, ja. Daga nan kai tsaye za ka riƙa juyawa hagu zuwa 33, 37, 1, 5, 9, 13, kana komawa dama zuwa 23 bayan kowacce. Faifan baya yana zaune a inda ka bar shi muddin ba ka tura faifan tsakiya har ya riski 15 ba. Sharaɗin shi ne ka bi jerin yana hawa, kada ka koma kan wadda ka wuce, domin juyin hagu tura faifan tsakiya gaba kawai yake yi, ba ya jawo shi baya. Ta ƙarshen da ke dab da lambar farko, 13 a nan, gara ka gwada ta da sabon juyi, don a kusa da nan ne haƙoran ke fara taɓa juna. Kana gamawa da kowace lambar farko, ja mata layi a takarda. Wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa a nan yakan maimaita wasu ya tsallake wasu, kuma wadda aka tsallake ɗin takan zama ita ce.

Gajeriyar hanya zuwa lambar farko

A 2015 wani mai binciken tsaro ɗan Amurka, Samy Kamkar, ya bayyana hanyar da ta rage gwajin zuwa takwas, daga baya ma ya haɗa wata 'yar na'ura mai juya faifan da kanta. Abin da ya lura da shi shi ne faifan baya ma yana barin alama. A wannan karon ba da ƙarfi ake ja ba. Ja wuyan da kamar rabin ƙarfin ɗazu, yadda faifan zai iya zagayawa amma kana jin yana ɗan gurza. Juya dama zagaye da yawa a hankali. A kowane zagaye akwai wuri ɗaya da zai ɗan turje fiye da sauran. Tabbatar wuri ɗaya ne yake maimaituwa sau uku ko huɗu. Idan a kan rabi ya faɗo, cike shi zuwa lamba ta sama, sannan ka ƙara 5. Turjiya a 9.5 ta zama 10, a ƙara 5, lambar farko 15. Idan jimlar ta kai 40 ko ta haura, cire 40.

Lissafin huɗu-huɗu zai tantance maka ko ka ji daidai: 15 a raba da 4, ragowa 3, daidai da ta 23. Da 14 ko 16 ka samu, ka san ka kauce da ɗaya, sai ka ɗauki mafi kusa a jerin. Yanzu ta farko da ta uku suna hannu, saura takwas na tsakiya.

Wahalar wannan hanya duk a ƙarfin ja take. Ka ja da yawa, faifan ya riƙa cijewa a wurare 12 ɗin nan. Ka sassauta da yawa, ba za ka ji komai ba. Fara da ƙarfi kana ragewa kaɗan-kaɗan har cijewar ta ɓace ta bar turjiya ɗaya tak. Sa yatsa ɗaya a cikin wuyan maimakon damƙe shi da hannu, ya fi ba da iko. Wasu sukan rufe ido don su ji da kyau, su buɗe a inda ya turje. Idan bayan minti goma ba ka kama shi ba, kada ka ɓata rana, koma kan tamanin ɗin, ita ce hanyar da ba ta buƙatar gwanintar hannu.

In an gama bai buɗe ba

Mafi yawan lokuta lamba ta uku ce aka karanta ba daidai ba. Koma ka sake jerin 12, ka ƙara lura da waɗanda ka yi shakkar ko cikakku ne ko masu rabi. Sai kuma jan wuya ana cikin juyi: a lokacin gwada haɗi, wuyan ya kasance a sake, har ma a ɗan danna shi ciki, sai an tsaya a ta uku ake ja. Ja a tsakiyar juyi yakan sa harshen ya goce da faifan da aka riga aka ajiye.

Giɓin ya ɗan fi harshen faɗi, shi ya sa kuskuren rabin lamba, wani lokaci har lamba guda, ba ya hana buɗewa. Wannan yana taimako, amma yana nufin lambar da ta buɗe maka ƙila maƙwabciyar ta ainihi ce. Idan ka ga yana buɗewa yau ya ƙi gobe, gwada ɗaya sama ko ɗaya ƙasa a kowace lamba har ka sami inda yake buɗewa sumul.

Akwai kuma kwaɗon da kamanninsa kawai ya ɗauko. Kasuwa cike take da masu faifai 0 zuwa 39 na wasu kamfanoni, kuma ƙa'idar huɗu-huɗu ba ta hau kansu dole ba. Ko a cikin na Master Lock, ba kowane samfuri ne ke bin tsari ɗaya ba. A irin waɗannan, lalube da jan wuya yakan nuna lamba ta uku duk da haka, wani lokaci ma cikin sauƙi don babu giɓin ƙarya. Sauran biyun sai a bi su da tsallake lamba ɗaya-ɗaya, wato 0, 2, 4, saboda faɗin giɓin. Haɗi 400 ke nan, kuma da dabarar ci gaba ba tare da sabon juyi ba, aikin yamma ɗaya ne.

Ƙura da tsatsa su ne sauran. Kwaɗon da ya sha ƙurar hunturu ko ruwan damina, fayafayansa kan manne da juna, na gaba ya ja na tsakiya alhali bai kamata ba. Alamarsa faifan ya yi nauyi ko'ina, ko ka ji yana ƙurus-ƙurus kamar da yashi. Fesa ɗan man wanke tsatsa irin su WD-40 ta ramukan wuya, ka juya dama da hagu sau da yawa, ka kife shi ya tsane. Man gyaɗa, manja da baƙin mai ba su da wuri a nan: rana ɗaya za su yi santsi, daga nan su tara ƙura su zama danƙo. Busasshen kwaɗo mai tsabta, garin bakin fensir da aka kankare ya ishe shi.

Mai zobba

Wannan lissafinsa a fili yake. Zobba uku haɗi 1,000 ne, daga 000 zuwa 999. A kan daƙiƙa biyu kowanne, minti 33 ne idan sai a ƙarshe aka dace, galibi kuma ana dacewa kafin nan. Don haka mai zobba uku bai cancanci zarto ba ko kaɗan. Zauna ka bi su a jere: tsayar da biyun farko, zagaya na ƙarshe, kana ɗan ja a kowace lamba. Zobba huɗu 10,000 ne, sama da awa biyar, nan dabara take da amfani.

Fara gwada sifili duka, don a haka yawancinsu ke fitowa daga kamfani. Sannan, idan kana da lambar da kake ganin ita ce amma ta ƙi, gwada maƙwabtanta. Abin da ke yawan faruwa shi ne zobe ɗaya ya gusa lokacin da ake saita sabuwar lamba, mai shi ya rufe yana zaton 472 ya sa alhali 482 ce. Ɗaya sama ko ɗaya ƙasa a kowane zobe haɗi 27 ne ga mai uku, 81 ga mai huɗu. Gwada ta a juye ma, da kuma layin da ke sama ko ƙasa da alamar, don wasu kwaɗunan layin karatunsu a gefe yake.

A ciki, ƙafar wuyan tana da haƙora, kowane zobe kuma yana da giɓin da haƙori zai wuce ta ciki. Ba a taɓa ƙera su daidai cif ba, saboda haka idan ka ja wuya, zobe ɗaya ne ke fara ɗaukar nauyin. Ja da matsakaicin ƙarfi ka taɓa kowane zobe. Wanda ya fi tauri, da shi za ka fara. Juya shi lamba-lamba har ka ji ɗan ƙas, wuyan ya ɗan motsa, zoben kuma ya saki yana kaɗawa a wurinsa. Bar shi nan. Yanzu nauyin ya koma kan wani, nemo shi ka yi masa haka. Na ƙarshe ba ya buƙatar ji, zagaya shi kawai. Kada ka ɓata lokaci a kan zoben da ke juyawa sakayau, bai ɗauki nauyi ba tukuna, ba abin da zai gaya maka. Masu ɗan tsada suna da giɓin ƙarya. Za ka gane shi da cewa zoben ya tsaya amma ya ƙame, na gaskiya kuwa yana barinsa da ɗan wasa. Rubuta duk lambobin da kowane zobe ya tsaya a kai. Idan biyu-biyu ne a zobba huɗu, haɗi 16 kawai za ka gwada.

Makullin da ke jikin jakar tafiya ba shi da wuyan ja, amma maɓallin buɗewa yana yin aikin: danna shi ka riƙe, ka laluba zobban. Ido ma yana aiki a nan. Haska tocilar waya cikin 'yar ratar da ke gefen zobe, kana juya shi a hankali, za ka hango wani wuri a sandar ciki da aka shafe ko aka yanka. Kawo wannan alama ta fuskance ka a kowane zobe. Lambar da ta bayyana ba lallai ita ce ba, amma yanzu giɓin duk suna layi ɗaya. Matsa dukan zobban tare da lamba ɗaya, ka gwada, ka sake matsawa. Cikin gwaji 10 zai buɗe. Ramin makullin da ke jikin masu alamar jan lu'ulu'u na jami'an binciken kaya ne a filayen jirgin sama, ba a ba mai jaka wannan makullin, don haka ba wani makulli da ya ɓace maka.

Bayan ya buɗe

Kafin ka sake rufe shi a jikin wani abu, rubuta lambar, ka rufe shi a hannu ka buɗe sau uku. Mai faifai irin na makaranta lambarsa ba ta canzuwa. Mai zobba kuwa galibi ana canza masa yana buɗe: a juya wuyan rubu'in zagaye ko rabi, a danna shi ƙasa a riƙe, a sa sabuwar lamba, a sake shi. Wasu ɗan maɓalli ne da ake dannawa da bakin biro. Kada ka saki wuyan sai ka duba kowane zobe ya zauna daidai kan layi, don a nan ne lamba ke gocewa. Ajiye ta wuri biyu, ɗaya a waya ɗaya a takarda, ba a cikin akwatin da kwaɗon ke rufe ba.

Wanda ya ga yadda kwaɗon nan ya buɗe cikin rubu'in awa ya san matsayinsa. Ya dace da akwatin tufafi, ma'ajiyar makaranta da jakar da ke kusa da mai ita. Ƙofar shago, rumbun hatsi ko ɗakin janareta suna buƙatar kwaɗo mai nauyi, mai taurin wuya.

Idan kuwa cikin ya lalace har yanka ya zama dole, a yanka wuyan, a bar ƙarfen akwatin. Wuyan da aka rubuta masa alamar tauri yakan cinye haƙoran zarto, babban almakashin ƙarfe ko injin yanka na mai walda ne ke iya masa. A yanka ta ɓarin ƙafar da ke fita, a sa ƙyalle mai kauri ko katako tsakaninsa da jakar saboda tartsatsi, a kuma kare ido, domin guntun ƙarfen yakan yi tsalle idan ya tsinke.